Zoben Hatimi: Daga Hannun Maƙeri Zuwa Kwamfuta

Mai bin titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko mai ratsa Tarauni, zai ga shagunan da ake buga takardu, ana kuma yi wa makarantu da ƙungiyoyi hatimi. Yaro ne zaune gaban kwamfuta, ka faɗa masa suna, ya zana, ka dawo ka karɓa. Mu masu hidima muna aika a yi wa ikilisiya irin wannan, ba tare da mun tsaya mun tambayi asalin abin ba.

A zamanin dā hatimi a yatsa yake zama. Ana sassaƙa suna a kan zobe, a juye kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi, domin in an danna a kan yumɓu ya fito daidai. Wanda ya riƙe zoben ya riƙe muryar mai shi. Shi ya sa Fir'auna ya sa wa Yusufu nasa (Farawa 41:42), Ahasurus kuma ya ba Haman, daga baya ya ba Mordekai (Esta 3:10, 8:2). Zobe ɗaya ne ya hatimce umarnin hallaka Yahudawa da umarnin cetonsu. Labarin da ya fi ba mu tsoro shi ne na Yezebel (1 Sarakuna 21:8): ta rubuta wasiƙu da sunan Ahab, ta buga hatiminsa, dattawan gari suka bi, Nabot ya mutu. Hatimin na gaske ne, hannun da ya buga shi ne ba na mai shi ba. A shekarar 2015 masu tonon tarihi suka sanar da samun ɗan curin yumɓu a Urushalima mai ɗauke da hatimin sarki Hezekiya.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan al'ada. Annabi Muhammadu ya yi zoben azurfa domin hatimce wasiƙunsa zuwa ga sarakuna, halifofi suka gaje shi har ya faɗa rijiya a zamanin Usman. A ƙasarmu, sarakunan Borno da na daular Sakkwato sun riƙa buga hatimi a kan wasiƙunsu na Larabci. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda Backwell ya buga fassararsu a 1927.

Kwamfuta ta shigo wannan sana'a a makare. Ivan Sutherland ya nuna zane a kan allon kwamfuta a Amurka a 1963, AutoCAD ta fito a 1982. Yau mai ƙera zobe yakan gina siffarsa a manhaja irin Rhino, ya auna faɗin yatsa da zurfin harafi, ya juya rubutun da taɓawa ɗaya. Na'ura ta fitar da siffar da kaki, a lulluɓe ta, a narkar da kakin, a zuba azurfa a gurbinsa. Wannan mataki na ƙarshe tsoho ne, da shi maƙeran Ife da Benin suka zuba tagullarsu.

Abin da ya canza shi ne, hannun maƙeri ba ya maimaita kansa. Ɗan karkacewar harafi shi ne shaidar da magatakarda ke dubawa. Zanen da ke cikin kwamfuta kuwa zai haifi zobe goma, ko hatimin roba goma, babu mai bambanta su. A Roma har yanzu ana lalata zoben Paparoma in mulkinsa ya ƙare, kamar yadda aka yi wa na Benedict na 16 a 2013, amma me za a fasa in siffar tana ajiye a shagon wani?

Takardun aure, na baftisma da na filin coci duk suna ɗauke da hatiminmu. Yawancinmu mun san aljihun teburin da yake kwana. Majalisar dattawa ta rubuta sunan mai riƙe shi, ta kuma aika sakatare shagon da aka yi shi, ya karɓo zanen, a goge na can a gabansa.