Ranar da Na Taɓa Shata a Teburin Mai Shayi

Na iso Mpape a 1996 da akwatin katako cike da kaset, da rikoda mai cin batir shida, da bashin wani dillali na Ƙofar Wambai a wuyana. Shekara biyar ke nan da Babangida ya taso da gwamnati daga Legas, Abuja tana cin siminti kamar ba za ta ƙoshi ba, kuma tsakuwa mai yawa daga duwatsun nan take gangarawa. Gwarawa, waɗanda suka fi son a ce musu Gbagyi, su ne 'yan ƙasa. Mu kuwa cirani ya zubo mu: Zamfarawa, Sakkwatawa, Katsinawa, mutanen Haɗeja, 'yan Maraɗi da Damagaram. In an tashi nakiya sai ƙasa ta girgiza, ƙura ta turnuƙe, tifofi su jeru suna jiran lodi. Da dare in ka hau tudu ga fitilun Maitama can ƙasa, mu kuma muna nan da aci-balbal.

Mai sayar da kaset ba ya tambayar mutum garinsu. Ka bar shi ya sa hannu cikin akwati kawai. Wanda ya zaro Musa Ɗanƙwairo, ka san hanyar Maradun ya fito ko kusa da can. Mai neman gurmin Haruna Uji, Bahaɗeje ne ko direba, sau da yawa ma duka biyun. Yaran mota Ɗan Maraya Jos suke tambaya, don shi ne ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da babu mai ganinsa da gashi. Masu fasa dutse da guduma kuwa Ɗan Anace ne nasu. Na sha ganin ƙato ya ajiye rikoda a kan dutse, ya ɗaure murfin batir da roba, ana yi wa ɗan dambe Shago kirari shi kuma yana sauke guduma daidai da kalangu, kai ka ce shi ne a filin damben. Barmani Choge kuwa, magidanci zai saya ya tura aljihu da sauri yana cewa saƙon maiɗakinsa ne. Ban taɓa ƙaryata kowa ba, ko da na san iyalinsa na can gida kuma sai da damina yake komawa.

Kafin a biya sai an gwada. Ka sa kaset, ka danna, mai saye ya sunkuyar da kai yana sauraro ko muryar ta shaƙe. In zaren ya sarƙe, ka zaro shi a hankali da tsinken ashana, ka zura biro a ramin ka murza har ya koma. In ya tsinke, ka haɗa da ɗan jan farce. Na yi wannan aikin har babban yatsana ya yi kanta.

Amma duk wannan rarrabuwar, akwai mutum ɗaya da ya haɗa kowa. Alhaji Mamman Shata. Shi kaɗai ne Bazamfare da Bakano da ɗan Nijar za su saya ba tare da an yi musu tallarsa ba. Da ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, 'yan makonni bayan sojoji sun miƙa wa Obasanjo mulki, aka kai shi Daura aka rufe, akwatina ya wayi gari babu kasetinsa ko ɗaya. Sai da na je Kano sau biyu a wata guda.

A cikin wannan zafin ne bakina ya ja mini. Muna zaune wajen mai shayinmu bayan isha'i, rikoda na tashi, ana ta jinjina, kowa na kawo labarin da ya ji: yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take ba tare da ya kwana da ita ba, yadda babu wanda ya san adadin waƙoƙinsa har shi kansa. Sai na ce, ni fa a wurina Ibrahim Narambaɗa ya fi shi. Na ce Shata murya gare shi, da zafin nama, da rashin tsoro, amma in ka cire kalangu ka rubuta wasu waƙoƙin nasa a takarda, za ka tarar amshi ne ya cinye rabi, sauran kuma jerin sunayen masu kyauta. Narambaɗa kuwa, ko babu kotso, maganarsa tana tsayawa da ƙafarta; kana iya shekara goma kana jin baiti ɗaya kafin ka gane inda habaicin ya dosa.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar cokali a kofi. Wani direban tifa, dattijo ɗan Musawa, garin da aka haifi Shata, ya ajiye burodinsa ya dube ni.

“Yaro, kai ɗan ina ne?”

“Malumfashi, Baba.”

“Malumfashi ta Katsina?”

“Ita fa, Baba.”

“To Allah ya shirye ka. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kake cin abinci da muryarsa, kuma kake zaginsa.”

Na ce wallahi ban zage shi ba. Bai saurare ni ba. Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi, mutum huɗu suka bi bayansa, kuma babu wanda ya biya kuɗin shayi a cikinsu. Daga daren nan mai shayi ya kafa doka: duk mai son taɓa Shata, ya bari sai kowa ya biya tukuna. Ni kuwa na yi wata da watanni direbobin Katsina suna wuce akwatina kamar ba su gan shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Zamfarawan da na yabi mawaƙinsu ba su tsaya mini ba. Cewa suka yi me Bakatsine ya sani game da Narambaɗa.

Na daɗe ina juya abin a raina, me ya sa magana kan waƙa take da nauyi haka a wurinmu. Kanawa da Zagezagi suna yi wa juna ba'a kan komai a yi dariya, amma ka taɓa mawaƙin mutum sai fuska ta canja. Da na bi abin baya sai na ga ba yau aka fara ba, sai dai da can nauyin ta wani ɓangare yake. Narambaɗa mawaƙin Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi kuwa na fadar Sarkin Musulmi. Wanda ya ce waƙar makaɗin fada ba ta yi ba, ubangidan makaɗin ya taɓa, don haka talaka bai da bakin yin sharhi. Makaɗan da ke yawo gari-gari su kuma makaminsu zambo. Attajiri yana ba maroƙi riga ne rabi don jin daɗin kirari, rabi don tsoron abin da zai fito daga bakinsa in an hana shi. Shata ya gaji wannan makamin ya wasa shi. Duk wanda ya san labarin waƙar zambonsa ta Gagarabadau ya san ba a shiga gonarsa a fita lafiya.

Ga tsoro, ga kuma raini a lokaci guda. Tun zamanin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin aibobin sarakunan Hausa a littafinsa Kitabul Farƙ. A gidajen malamai da na masu sarauta, maroƙi mutum ne da ake yi wa kyauta amma ba a ba shi 'ya. Shi kansa Shata, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Tallar goro da alewa ya fara kafin waƙar ta fi ƙarfinsa. Kakana ya rasu bai yarda an kunna Shata a zaurensa ba, saboda waƙarsa ta mashaya. A wurinsa ra'ayin da ba a so shi ne ka ce kana son Shata. Yayyen mahaifina a ɓoye suke zuwa wasansa, su dawo su sha bulala.

Rediyo ce ta juya al'amarin. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryar da a da sai a fada ko a gidan biki ake ji ta shiga kowane ƙauye. Mawaƙi ya tashi daga na sarki kaza ko na attajiri kaza ya zama na kowa, ko in ce na garinsu da lardinsu. Kaset ya zo ya ƙarasa, don yanzu mutum na iya saye ya mallaka, ya ɗauke shi zuwa cirani kamar yadda yake ɗaukar garin yaji daga gida. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa. A cikin rayuwar mutum ɗaya, wanda dattawa ke kira ɗan iska ya koma Dokta. Direban nan na Musawa, a kan dutsen da ba nasa ba, cikin ƙurar garin da ba ya jin yarensa, kaset ɗin nan ne Musawarsa. Na gane haka daga baya, amma ban janye maganata ba, don har gobe a kanta nake.

Ba a jima ba gardamar ta sami sabon abokin gaba. Wajen 2000 fim ɗin Sangaya ya fito daga Kano, waƙar fiyano ta mamaye ko'ina, namiji da mace suna amsa wa juna irin na finafinan Indiya. Nan take mutanen Shata da na Narambaɗa da na Ɗanƙwairo suka manta da rigimarsu suka haɗa kai: wannan ba waƙa ba ce, kukan kyanwa ne. Ni ma na faɗa, ina faɗa kuma ina sayarwa, don ita ce ke biyan kuɗin haya. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, daga baya abin ya kai ga kame. Har Aminu Ala, wanda dattawa da yawa ke cewa shi ne mai ma'ana a cikin yaran, sai da aka gurfanar da shi a 2009.

Sana'ata ma ta yi ta sauya fata. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba memori. Rusau ɗin zamanin El-Rufa'i da hana acaba a tsakiyar birni a 2006 suka turo jama'a Mpape har ta cika ta batse, samari 'yan acaba suka zama su ne kasuwa. Na sayar da akwatin katako na sayi tsohuwar kwamfuta da ƙaramin janareto, na koma cajin waya da turin waƙoƙi. A 2012 da aka ce za a rushe garin, na kwashe kayana na kai wajen wani ɗan'uwa, na dawo da su bayan maganar ta tafi kotu. A watan Satumbar 2018 ƙasa ta yi ta motsi da kanta ba tare da nakiya ba, hukuma ta dakatar da fasa dutse, tsofaffin abokan cinikina da yawa suka tattara suka koma gida. Ramin da aka gama cin dutsensa ya tara ruwa, a 2020 'yan birni suka gano shi suna zuwa ɗaukar hoto. A shekarar ne kuma Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta hana kowa sakat, har na tura ta a wayar wani da na san yana cikin masu tsine wa fiyano.

Yanzu ga maganata ta biyu, wadda ta sa sa'o'ina suka fara kallona a karkace. Dauda Kahutu Rarara, wanda suke cewa ya lalata waƙa da kwaɗayi da siyasa, shi ne ya fi kowa kama da makaɗan da suke kewa. Yabon ubangida, zambo ga abokin hamayyarsa, karɓar mota da kujerar Makka, sauya sheƙa in ruwa ya ƙare: wanne ne a ciki baƙo? Da ya nemi masoyan Buhari su tura masa naira dubu-dubu a 2020 aka yi ta salati, sai ka ce ba a taɓa ganin maroƙi ya miƙa hannu ba. Da ya fito a 2023 ya soki Buharin da ya shekara takwas yana yabo, aka ce butulci. To ai bakin da ya iya kirari shi ne ya iya zambo, tun kafin a haifi kakansa. Bambancin kawai, ubangidan yau wa'adi gare shi, sarki kuwa sai mutuwa, shi ya sa amanar makaɗin fada ta fi tsawo.

Kada a ɗauka ina jin daɗin waƙar tasa. Ba na iya sauraron ta minti biyar. Kuma ina da ƙorafina kan fiyano, sai dai ba wanda ake yawan faɗa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mutanen da ta kora. Bayan Shata akwai masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira. Bayan Barmani, wadda ta rasu a 2013, akwai mata masu kiɗan ƙwarya da suke ci daga sana'ar. Waƙa ɗaya gidaje da yawa take ciyarwa, kuma in makaɗi ya yi kuskure a gaban jama'a babu gogewa. Yau yaro ɗaya a ɗaki da kwamfuta ya maye gurbinsu duka, har muryar da ta karkace ya miƙe ta.

Turin ma ya ja baya, kowa na sauke abinsa daga intanet, caji ne ya rage mini. Samarin da ke zama a bencina kowa da abin kunnensa, ba ka san me yake ji ba balle ka yi masa gardama. Kwanan baya na sa waƙar Dokin Iska ta Narambaɗa a lasifika, wani ɗan acaba ya zare waya ɗaya daga kunne ya ce, “Baba, wannan tsohon da wane yare yake yi?” Na ji jinina ya hau, har na buɗe baki zan tambaye shi ko shi ɗan ina ne.

Mai shayinmu ya tsufa, ɗansa ne ke kan tebur yanzu. Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune mu biyar, duk masu furfura, na gyara murya na ce ina da magana kan Rarara da Shata. Yaron bai ce komai ba. Ya ajiye buta, ya zagayo da faranti, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓi kuɗinsa, sannan ya koma ya zauna ya ce, “To Kawu, bismilla.”