Sifirin keken dutse: tashen taitaniyam da dawowar baƙin ƙarfe

Kekunan da aka fara gangarowa da su daga tsaunukan Marin, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ba su da abin shanye gargada gaba ko baya. A tseren Repack da aka soma a 1976, yawanci tsofaffin kekunan Schwinn ne masu kaurin taya, kuma gwiwa da hannun mahayi su ke shan dukan hanya. Sai a 1989 Paul Turner ya fito da abin shanye gargada na RockShox don tayar gaba, shekara na zagayowa Greg Herbold ya ci gasar duniya ta gangara a Durango da shi. Daga nan ido ya koma kan tayar baya.

An yi 'yan shekaru ana lalube. Wasu sun gwada dunƙulen roba, wanda ke sandarewa da sanyi. A ƙarshe aka ari dabarar baburan tsere, inda masu ƙera kayan keke irin su Horst Leitner da kamfanin Fox suka samo asali: silinda mai ɗauke da mai, da sifirin baƙin ƙarfe nannaɗe a jikinta. Sifirin ke ɗaukar nauyin mahayi, man kuma ke tsara saurin matsewa da dawowa. Abin ya yi aiki, ga arha, ga juriya. Aibinsa ɗaya, nauyi. Sifirin keken gangara kaɗai kan kai kusan rabin kilo, a sana'ar da mutane ke auna kusoshi a sikeli.

Ta wannan ƙofa taitaniyam ya shigo. Nauyinsa bai wuce kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe mai girmansa ba. Amma babbar fa'idar tana wani wuri. Sifirin ba komai ba ne illa waya da ake murɗawa duk lokacin da aka danna shi, kuma taitaniyam na murɗuwa da kusan rabin ƙarfin da baƙin ƙarfe ke buƙata. Don haka, in ana son tauri ɗaya, sai a rage yawan zagaye. Ƙarfen ba nauyi, wayar ma ta ragu, riba biyu ke nan. Shi ya sa ko daga nesa ake gane shi: launin toka, babu fenti saboda ba ya tsatsa, zagayensa a wawware. Masana'antar jiragen sama ta daɗe tana amfani da shi, kuma Renton Coil Spring na jihar Washinton, wanda ya yi suna wurin masu keke, daga can ya fito. Har Volkswagen ta saka irinsa a motar Lupo FSI a farkon shekarun 2000.

Kuɗin fa? Nan gizo ke saƙa. Har yau ana tace taitaniyam ta hanyar da William Kroll ya ƙirƙiro wajen 1940, mai cin wuta da lokaci, sannan jan wayar da naɗa ta wani aiki ne daban. Sifirin ɗaya kan ninka farashin na baƙin ƙarfe sau da dama. Duk da haka, a shekarun 2000 ya zama abin ado ga masu tseren gangara, kamfanoni irin su Nukeproof suna sayarwa, mahaya suna rantsuwa cewa ya fi laushi a kan ƙananan duwatsu.

Wannan batu na laushi ban yarda da shi ba. Lambar da ke jikin sifirin, a ce 400, tana nufin laba 400 ke matse shi inci ɗaya, ko da wane ƙarfe aka yi shi. Sauran abin da mahayi ke ji, aikin mai ne da yadda aka ƙera bayan keken. Kuma tsadar ta zo da wata illa: ba a cika dacewa da taurin da ya yi daidai da nauyin mutum a gwajin farko ba. Mai baƙin ƙarfe zai sayi biyu ko uku ya gwada. Mai taitaniyam kan haƙura da wanda ya saya. Ga shi faɗin sifirin ya bambanta tsakanin Fox da RockShox, canza silinda na iya mai da shi kayan ajiya.

Abu biyu suka rage masa kasuwa. Silinda mai aiki da iska ta inganta har ta shiga tseren gangara, ita ko sifirin ba ta buƙata, famfo kawai. Sannan masu baƙin ƙarfe suka farka. Da waya mai ƙarin ƙarfi, wadda ake yi wa ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe don ta jure lanƙwasa, aka rage kauri da zagaye. Wajen 2015 Fox ta fito da SLS mai ruwan lemo, Cane Creek ta kawo Valt, nauyinsu ya matso kusa da na taitaniyam a farashi mai sauƙi, kuma SLS na zuwa da tazarar laba 25 maimakon 50 da aka saba.

Duk da silinda mai iska, sifirin ya sake samun shiga da tseren enduro da kekuna masu batir, domin ba ya sauya hali idan silinda ta yi zafi a doguwar gangara, kuma keken da ya haura kilo 20 bai damu da ƙarin nauyin sifirin ba. Yawancin waɗanda ake ɗaurawa yanzu baƙin ƙarfe ne. Taitaniyam na nan a hannun 'yan ƙananan kamfanoni da kasuwar kayan hannu, inda mai saye ke fara tambayar faɗi da tsawo kafin ya tambayi kuɗi.