Ƙurar Birki Da Ƙofar Kotu: Tarihin Direbobin Katafila Na Sojan Amurka Da Cutar Asbesto

A watan Maris na 2024 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta haramta farin asbesto, nau'i na ƙarshe da ake shigarwa ƙasar. Nan da nan kamfanoni suka garzaya kotu suna cewa an yi tsanani, masu rajin kare lafiya su ma suka tafi suna cewa an yi sassauci. Ga tsohon sojan da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar katafila ko gireda, yanzu kuma numfashi na neman gagararsa, dokar ihu ce bayan hari. Abin da ke gabansa shi ne wa zai biya shi diyya, kuma me ya sa ba shi da ikon kai ƙarar gwamnatin da ta ɗora shi a kan injin.

Asbesto ma'adini ne mai zare-zare wanda wuta ba ta ci, shi ne dai wanda aka daɗe ana yin silin da rufi da shi a ƙasashenmu. Girkawa da Romawa sun san shi, har saƙa shi sun yi. Haƙarsa gadan-gadan ta fara a Kwibek ta Kanada a ƙarshen shekarun 1870. A 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbesto a Rochdale ta Ingila, Nellie Kershaw, ta rasu tana da shekara 33, likitan da ya duba huhunta ya same shi duk tabo. Rahoton binciken Merewether da Price kan ƙurar asbesto ya biyo baya a 1930, Birtaniya ta kafa dokar rage ƙurar a 1931.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, buƙatar abin da ba ya ƙonewa ta ninka. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta kafa bataliyoyin gine-gine da ake kira Seabees, waɗanda suka share dazuzzuka suka shimfiɗa filayen jirgi a tsibiran tekun Fasifik, injiniyoyin sojan ƙasa kuma suna irin wannan aiki a Turai. Injinan da suke tuƙawa akwai asbesto a takalmin birki, a farantin kuloci, a gasket, da abin da ake naɗe bututun hayaƙi da shi. Direban babban inji a soja ba tuƙi kaɗai yake yi ba, shi ne mai kula da injinsa na farko, yana tsaye kusa da bakanike idan an buɗe birki. Al'adar gareji ta wancan zamani kuwa ita ce a hure ƙurar birki da iskar kwamfiresa, ta turnuƙe wurin, kowa ya shaƙa. Ga kuma rusau: idan aka ce a ture tsohon bariki ko ɗakin tukunyar tururi, mai katafila ne a tsakiyar ƙurar. Cutar ba ta nuna kanta sai bayan shekara 20 zuwa 50, musamman sankarar fatar da ta lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesotiliyoma.

Masu kare kamfanoni da hukuma suna cewa a lokacin ba a san haɗarin ba. Ban yarda ba. A 1935 shugaban kamfanin Raybestos-Manhattan, wanda birki ne babbar sana'arsa, Sumner Simpson, ya rubuta wa lauyan kamfanin asbesto na Johns-Manville wasiƙa yana nuna gara a rage maganar asbesto a bainar jama'a. A 1943 rundunar ruwa da kanta ta sa cutar asbesto a cikin ƙa'idojin lafiyar ma'aikatan ƙera jiragen ruwa. Richard Doll ya danganta asbesto da sankarar huhu a 1955, Chris Wagner ya gano alaƙarsa da mesotiliyoma a Afirka ta Kudu a 1960, Irving Selikoff ya baje hujjoji a wani taro a New York a 1964. Duk da haka soja bai fara janye jiki da gaske ba sai a shekarun 1970.

A ganina abin da ya sa aka yi wannan jan ƙafa hukunci ne guda na Kotun Ƙoli. A 1947 gobara ta tashi a wani bariki a Pine Camp da ke jihar New York, Laftanar Rudolph Feres ya mutu a ciki. Matarsa ta kai ƙara bisa dokar 1946 wadda ta ba jama'a damar ƙarar gwamnati kan sakaci. A 1950 kotun ta yanke cewa soja ba zai iya ƙarar gwamnati ba kan cutar da ta same shi a bakin aiki. Hukumar da ta san ba mai iya gurfanar da ita ba ta da abin da zai sa ta gaggauta gyara. Alƙali Scalia ya soki hukuncin a 1987, Alƙali Thomas ya sha neman a sake duba shi, amma har yau yana nan.

Da wannan ƙofa ta rufe, sai aka koma kan kamfanoni. Shari'ar Clarence Borel, wani ma'aikaci ɗan Texas da ya rasu kafin a kammala ta, ita ta buɗe hanya a 1973: mai sayar da kaya masu haɗari ba tare da gargaɗi ba, alhakin yana wuyansa. Ƙararraki suka yi wa Johns-Manville yawa har ya shelanta karyewa a 1982, aka kafa asusun amana don biyan majinyata, majalisa ta mayar da tsarin doka a 1994. Yau akwai irin waɗannan asusu kusan 60, sai dai yawancinsu kaso kaɗan suke biya daga darajar da'awa. A 1988 Kotun Ƙoli ta ba 'yan kwangila kariya idan kayan sun bi tsarin da gwamnati ta amince da shi. A 2019, a shari'ar DeVries, ta ce mai ƙera injin da ya san dole a haɗa shi da abu mai haɗari wajibi ne ya yi gargaɗi, amma hukuncin ya tsaya ga dokar teku.

Nan ne mai katafila ya fi kowa shan wuya. An gina tsarin ne a kan ma'aikacin jirgin ruwa, wanda sunan jirginsa da kayan cikinsa suke a rubuce. Direban gireda kuwa, wa zai tuna tambarin takalmin birkin da aka sa a 1968? Lauyoyin kamfanoni kuma suna kawo masana su ce zafin birki yana sauya farin asbesto ya koma wani abu marar illa. Wani ɓangare yana sauyawa, gaskiya ne, amma wanda ya goge sabon takalmi ko ya kankare tsohon gasket ɗanyen zare ya shaƙa, kuma tun 1986 Hukumar Kare Muhalli ta fitar da gargaɗi ga kanikawa a kan haka.

Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji tana biyan kuɗin naƙasa duk wata, tana tallafa wa matar mamaci, kuma karɓar wannan ba ya hana ƙarar kamfani ko neman kason asusun amana. Amma sai tsohon soja ya nuna cewa a soja ya shaƙi ƙurar, likita kuma ya rubuta alaƙar. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne, shekara ɗaya zuwa uku a yawancin jihohi, daga ranar da aka gano cutar. Birtaniya, wadda ita ma ta hana sojojinta ƙarar gwamnati har 1987, ta amince daga 2016 ta ba tsohon soja mai mesotiliyoma fam 140,000 a dunƙule. Majalisar Amurka ta nuna a 2022 cewa tana iya ɗauke nauyin kawo hujja daga kan sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Ya kamata ta yi wa waɗanda suka shaƙi asbesto haka tun suna da rai.