MC Lyte: Mawaƙiyar da Ta Buɗe wa Mata Ƙofar Gambarar Zamani

Lana Michele Moorer, wadda duniya ta sani da MC Lyte, mawaƙiyar gambarar zamani ce 'yar Amurka. An haife ta ranar 11 ga Oktoba, 1970, ta kuma tashi a Brooklyn da ke birnin New York. Ita ce mace ta farko da ta fitar da cikakken kundin waƙoƙin gambara ita kaɗai, ba a cikin ƙungiya ba.

Kafin zuwanta

Mata sun shiga wannan fage tun yana jariri. Sha-Rock ta yi suna a ƙungiyar Funky 4 + 1, Roxanne Shanté ta girgiza New York da waƙar "Roxanne's Revenge" a 1984, Salt-N-Pepa kuma sun fitar da kundinsu na farko a 1986. Sai dai mace takan fito ne cikin ƙungiya ko da waƙa guda. Kundin Lyte as a Rock, wanda kamfanin First Priority ya fitar a 1988 tana da shekara 17, shi ya sauya wannan tsari.

Waƙa a zamanin hodar iblis

Waƙarta ta farko, "I Cram to Understand U (Sam)", ta fito a 1987. Labarin budurwa ce da ke zargin saurayinta da neman wata mace, daga baya ta gano kishiyar tata ƙwaya ce, wato crack, nau'in hodar iblis mai arha da ya mamaye unguwannin talakawan Amurka a lokacin.

Shekara guda kafin fitowar waƙar, majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 5 kan giram 5 na crack, hukuncin da mai garin hodar iblis ba ya fuskanta sai an kama shi da giram 500. Nauyin dokar ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata, kuma sai a 2010 aka rage tazarar. Yayin da 'yan siyasa ke maganar gidan yari, waƙar Lyte ta nuna yadda ƙwayar ke rusa soyayya da amana a cikin gida.

A 1989 ta shiga sahun mawaƙan da KRS-One ya tara suka yi "Self Destruction", waƙar da ke kira ga matasa baƙaƙen fata su daina kashe juna. An ba ƙungiyar National Urban League kuɗin da aka samu. A 1991 kuma ta fitar da "Poor Georgie", wadda ta taɓo haɗarin tuƙi cikin maye.

Nasara a kasuwa

Waƙar "Cha Cha Cha" ta 1989 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin gambara na Billboard. "Ruffneck" ta 1993 ta samu shaidar zinare, wadda ake bai wa waƙar da aka sayar da kwafi 500,000, ta kuma shiga takarar Grammy. Wannan ya nuna wa kamfanoni cewa akwai riba a muryar mace. A 1996 "Keep On, Keepin' On", wadda ta yi da ƙungiyar Xscape, ta shiga goman farko a babban jadawalin Billboard, aka kuma ji Missy Elliott a sabon zubin "Cold Rock a Party".

Bayan fagen waƙa

Lyte ta yi wasan kwaikwayo da sanarwa a manyan bukukuwan karrama mawaƙa. A 2006 ta miƙa littafinta na rubuce-rubuce ga gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Ta shugabanci reshen Los Angeles na Recording Academy, hukumar da ke ba da Grammy, ta kuma kafa gidauniyar Hip Hop Sisters mai bai wa ɗalibai tallafin karatun jami'a. A 2013 tashar BET ta ba ta lambar yabo ta "I Am Hip Hop".