Daga Tashar Gagarawa Zuwa Dajin Bama

Layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, don gyaɗa Turawa suka shimfiɗa shi. Amma da yaƙin Hitila ya ɓarke a 1939, sai jirgin ya soma ɗaukar wani kaya mai rai. A Arewa, ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake neman matasa su shiga soja, wasu da son ransu, wasu kuwa ba yadda suka iya. Ga saurayin ƙasar Gumel, ko na Sule Tankarkar, tasha mafi kusa ita ce Gagarawa.

Da farko ma fargabar tana bakin ƙofa. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, Nijar tana hannun Faransawan da suka bi Jamus, ga Maigatari kuwa a kan iyaka. Sai da wannan barazana ta kau aka juya akalar sojojin zuwa gabas mai nisa.

A watan Maris na 1943 aka kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Daga Kano jirgi ya gangara da sojojin Legas, aka zuba su a jirgin ruwa. Mutumin da ya tashi cikin rairayi, wanda rijiya ce ruwansa, sai ga shi makonni a kan teku, an zagaya ta Afirka ta Kudu kafin a sauka Bombay a Indiya. Wannan tafiyar kaɗai ta isa jarrabawa. Abin da ya rage musu kewa shi ne Hausa, don da ita akasarin sojojin ke magana da juna.

A ƙarshen 1943 suka nufi kwarin Kaladan a Bama. Babu hanya, sai da suka sare daji suka yi ta da hannunsu. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, 'yan dako marasa bindiga su ɗora a ka. Runduna ta 82 ta biyo baya a 1944, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace garin Myohaung daga Japanawa.

Yau akwai barikin Myohaung a Legas, akwai barikin Kalapanzin a Kaduna, shi ma sunan wani wuri ne a Bama. Duk gidan da ke da kakan da ya je Bama, ya kamata a rubuta sunansa da labarinsa tun masu tunawa suna raye.