Ciwon ƙyauren zuciya: mafarinsa da alamominsa

Zuciyarka tana da ɗakuna 4 da ƙyamare 4. Kowane ƙyaure ƴar fata ce marar kauri, wadda take buɗewa jini ya wuce, sa'an nan ta rufe don kada ya komo baya. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka maƙale a jikin ƙyaure, sai su hayayyafa, su yi curi, su riƙa cin sa. Wannan ciwo shi ne ma'aikatan kiwon lafiya suke kira andokardit.

Ba safai ƙwayoyin nan suke kama lafiyayyen ƙyaure ba. Sun fi samun wurin zama a kan wanda ya riga ya yi tabo. A ƙasarmu, tabon yakan samo asali tun ƙuruciya. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 yakan yi ciwon maƙogwaro, a bar shi ba magani. Bayan sati 2 ko 3 sai masassara ta kama shi, gwiwa da idon sawu su kumbura. Gaɓoɓi sukan warke, amma ƙyauren zuciya ya riga ya lalace, ba wanda ya sani. Haka kuma wanda aka haifa da naƙasar zuciya, da wanda aka yi wa aiki aka sa masa ƙyauren roba ko na ƙarfe, suna cikin haɗari.

Ta ina ƙwayoyin suke shiga? Babbar ƙofarsu baki ne: ruɓaɓɓen haƙori, da dasashi mai zubar da jini. Sai kuma fata: maruru, da gyambo, da allurar da ba ta da tsabta. Askar wanzami ma, idan an yi tsaga ko ƙaho ko cire beli da ita ba a tsabtace ta ba, tana iya buɗe musu hanya.

Alama ta farko ita ce masassara mai daɗewa, ta tafi ta komo har makonni. Mutum yana zufa da dare, yana gajiya, ba ya marmarin abinci, yana ramewa. A nan ne ake yawan ruɗewa, domin a wurinmu kowace masassara ta cizon sauro ce. Idan ƙyaure ya ci gaba da lalacewa, numfashi yakan yi wuya, musamman a kwance, ƙafafu su kumbura. Wani lokaci ɗan guntu yakan ɓalle daga curin nan, jini ya tafi da shi. In ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye ko magana ta ɗauke. In ya faɗa ƙoda, a ga jini a fitsari. Wasu sukan ga jajayen layuka ƙanana ƙarƙashin farce, ko ƙuraje masu zafi a kan yatsu, amma ba kowa yake samun su ba. Akwai kuma nau'in da yake kayar da mutum cikin ƴan kwanaki.

Saboda haka, idan ka san kana da ciwon zuciya, kuma masassara ta ƙi sauka bayan ka sha maganin cizon sauro, ka tafi likita, ka faɗa musu tarihin zuciyarka tun kafin su tambaya. Kada ka sayi antibiyotik wurin mai talla. Ba zai warkar da kai ba, sai dai ya ɓoye ƙwayar cutar, a auna jini a kasa gane ta. Lokotoro zai saurari ƙirjinka, ya sa a ɗebi jini fiye da sau ɗaya, ya tura ka babbar likita, kamar ta Yamai, a duba zuciya da na'urar eko. Maganin allura ne ta jijiya, sati 4 zuwa 6, wani lokaci har da aikin tiyata. Ciwon nan ba ya warkewa da kansa. Idan ba a yi magani ba, yana kisa.