Tsakanin Shago da Aji: Nazari a kan Amfanin Karatun Tsara Tufafi

Gabatarwa

A Kano ko Zariya ko Damagaram, hanyar zama tela sananniya ce. Uba zai kai yaro shagon maigida, ya fara da sharar ƙyallaye da guga da ɗinka maɓalli, a hankali a bar shi ya hau keke, sai can daga baya a miƙa masa almakashi. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, shi ya sa ake tambaya: me aji zai ƙara wa wanda hannunsa ya riga ya faɗa? Matsayar wannan nazari ita ce, shago yana koyar da ɗinka wa mutumin da ke tsaye a gabanka, makaranta kuwa tana koyar da ɗinka wa dubban mutanen da ba za ka taɓa gani ba.

Abin da aji ke ƙarawa

Tela kan auna kafaɗa da ƙirji da tsawon hannu, ya shata da alli a jikin shadda, ya yanka. Ilimin duk yana kansa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ana saura kwana uku sallah, aiki ya tsaya ke nan. Ɗalibin tsara tufafi kuwa, abin da ake fara koya masa shi ne ya sauke wannan ilimi a kan kwali: kowane ɓangaren riga da siffarsa, da rarar da za a bari don ɗinki, da alamar inda zaren yadi ya dosa. Daga wannan samfuri guda ake fitar da ƙarami da matsakaici da babba bisa lissafi, har masana'antar da ke wani gari ta ɗinka riga ɗari biyar iri ɗaya ba tare da ta ga mai zanen ba.

Ana kuma koyar da halin yadi. Auduga na tsukewa in ta sha wanki. Yadin da aka yanka a karkace yana miƙewa ya bi jiki, dabarar da Madeleine Vionnet ta shahara da ita a Faransa a shekarun 1920. Sai lissafin farashi, wanda ke karya masu basira da yawa: kuɗin yadi da zare, man janareta, ladan ma'aikata, da ƙyallen da ke zubewa ƙasa wajen yanka.

Shaida daga tarihin sana'ar

Alexander McQueen ya bar makaranta yana da shekara 16, ya zama yaron shago a Anderson & Sheppard da ke titin Savile Row a Landan, inda ya ƙware a yanka. Ya je kwalejin Central Saint Martins ne neman aikin koyar da yanka, sai wata malamar kwalejin, Bobby Hillson, ta ga zane-zanensa ta ce ya shiga aji. Da ya kammala a 1992, wata editar mujalla, Isabella Blow, ta saye kayan baje-kolinsa gaba ɗaya, kuma a 1996 ya zama babban mai zane na gidan ɗinkin Givenchy. Hannun daga shago ya zo da shi. Makaranta ta ba shi damar gina tufafi a kan tunani guda, ta kuma tara masa idanun masu faɗa-a-ji.

Misali na biyu daga Beljiyam yake. Ɗalibai shida da suka gama makarantar fasaha ta Antwerp a 1980 da 1981, cikinsu har da Dries Van Noten da Ann Demeulemeester, sun loda kayansu a mota suka nufi baje-kolin Landan a 1986, suka sa duniya ta san garinsu da ɗinki. Sai dai a lokacin gwamnatin ƙasar na da shirin farfaɗo da masaƙu, har da gasar da ke haɗa matasa da masana'antu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kusa da gida, Alphadi na Nijar ya yi karatu a Chardon Savard da ke Paris, ya dawo ya ɗora iliminsa a kan adon Buzaye da Hausawa, ya kafa bikin baje-kolin tufafi na FIMA a hamadar Tigidit a 1998.

Iyakar amfanin

Takardar shaida ba ta riƙe almakashi. Cikin manyan masu zanen tufafi, Coco Chanel a gidan marayu ta koyi ɗinki, Balenciaga kuma a wurin mahaifiyarsa ya fara. Karatun na da tsada, kuma akwai masu fita da zane mai kyau amma ba su iya haɗa wuyan kaftani ba.

Kammalawa

Amfanin karatun ya danganta da inda mutum ya sa gaba. Wanda burinsa ɗinkin unguwa ne, shago ya wadatar da shi. Wanda ke son sunansa a jikin rigar da za a saya a Legas ko Akra, yana bukatar kwali da lissafi. Abin da ya rage shi ne sassa irin na zanen masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello su riƙa tura ɗalibansu shagon maigida, su kuma buɗe wa yaran shago ƙofar aji.